Farar Motar da Ba Mu Shiga Ba

Ƙwal. Ƙarar da na ji ke nan a cikin kwanon da 'yata Lami ta dire mini a bakin murhu, kuma daga wannan ƙarar duk abin da zan faɗa muku ya taso.

Tun da muka dawo daga Garwa ba a bar ni na huta ba. A gidan suna a tambaye ni, a gidan biki a tambaye ni, har a layin asibiti wata ta jawo gefen mayafina ta ce, "Asabe, yaya laushin kujerar Fijo?" Na gaji da amsa ɗaya-ɗaya. Ga shi na rubuta. Mai iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Wadda kuma ta riga ta yanke mana hukunci, sai ta nemi mai ba ta haƙuri, ni dai ba zan ba ta ba.

Maigidana, Malam, alƙali ne a ƙaramar kotu a nan Keffi, gidanmu a Tudun Ƙofa. Bana aka gayyace shi karatun ƙarin ilimi na alƙalai a Garwa, ƙasar Kamaru, inda manyan malamai ke zama da alƙalai daga ƙasashen maƙwabta a kan gado da shaida da rikicin filaye. Ofis ya ba shi izini, amma aka ce babu kuɗin hanya. Ku ji fa, a wannan zamani da arzikin man fetur ya sa masinja ma ya sayi babur. Sai limamin unguwarmu ya ce jama'a su yi gudummawa, tunda ilimin alƙali amfanin gari ne. Malam ya yarda, da sharaɗi ɗaya: duk mai shari'a a gabansa, ko dangin mai shari'a, kada ya sa hannu. Ni kuwa dalilin tafiyata biyu ne. Malam yana da gyambon ciki, ba ya iya cin abincin kasuwa, sannan ina jin Fillanci, na tsotsa a wurin kakata.

To akwai wata shari'a da aka ɗage sai ya dawo. Alhaji Sambo ɗan kwangila ya sa waya ya zagaye wani fili a bayan gari zai buga bulo, wayar ta datse burtalin da shanun rugar Arɗo Jaɓɓi ke bi zuwa rafi. Matar Alhaji, Hajiya Kande, ƙawata ce tun muna 'yan mata a unguwar Liman Abaji, tare aka yi mana kitson salla. Ranar da na yi dambun naman guzuri na zuba mata ɗanɗano, na ba Lami ta kai. Kun san al'ada, kwano ba ya dawowa haka nan. Ko goro, ko sabulu, ko ƙwai. Na ɗaga murfi, sai ga makullin mota, sabo fil.

Lami, 'yar shekara shida, tana ta tsalle. "Inna, Hajiya ta ce ta Baba ce har ku dawo, da direba da komai! Fara ce! Zan zauna a gaba!"

Na kai wa Malam. Ya dubi makullin kamar an ajiye masa kunama a tabarma. Ya ce, "Wanda ya ci ladan kuturu..." bai ƙarasa ba. "Mayar."

Na ce, "A kwano ya zo, a kwano zai koma, kuma ba zan yi wa Kande rashin kunya ba." Na cika shi da dakuwa, na ɗora makullin a sama. Lami ta tafi tana kuka ta dawo tana kuka.

Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni washegari ya zo. Adda Dije, matar ƙanen Arɗo, ita ke kawo mini nono tun ina amarya. Ta shigo da ƙwaryar man shanu da goran kindirmo, ta ce na cikin Malam ne a hanya. Na tsaya ina murza zani. Na ce, "Adda, ba zan iya karɓa ba. Kuna da shari'a."

Ta dube ni ta daɗe. "Asabe, ni ce yau mai shari'a? Da kika yaye Lami, nonon wa ta sha?"

Na ce, "Naki."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta aza a ka, ta fita ba sallama. Na shiga madafa na yi kukana, na ce hayaƙi ne.

Muka bar yara a hannun Goggo, yayar Malam, muka hau ƙaramar motar haya, kiya-kiya, a tasha da safe. Ba mu kai Garaku ba wani fasinja ya ce, "Direba, ko ka ci bashin wani ne? Wata farar mota tana bin mu tun daga Keffi, ba ta wucewa." Na waiga, sai ga farar Fijo a bayanmu. A Akwanga da aka tsaya shan mai, direbanta ya fito ya zo ya cire hula. Na san shi, Bitrus ne, mutumin Eggon da ke zaune a Sabon Gari, dattijo mai natsuwa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji ya ce in bi ku. Inda kuka gaji, ku shiga."

Malam ya ce, "Ka koma, ka ce mun gode."

"In na koma yanzu, aikina ya tafi, ranka ya daɗe. Yarana biyar."

A nan na gane dabarar. Duk tasha ta ga motar Alhaji ta fita a bayan alƙali. Ko mun shiga ko ba mu shiga ba, labarin ya riga ya isa ruga kafin azahar. Na faɗa wa Malam a hankali. Ya ce, "To me ya rage mana?"

Na ce, "Allah ya rage, sai ni da kai, sai shi Bitrus."

A Jos muka sauka gidan wani abokin karatun Malam. Sanyin garin nan, jama'a, ruwan alwala kamar a yanka mutum da reza. Matar gidan ta dafa mana dankalin turawa da kabeji, abin da a nan sai a gidan Bature. Bitrus ya ajiye motarsa a ƙofar gida ya naɗe a ciki. Na kasa cin abinci ina tuna shi. Na tambayi Malam ko laifi ne in kai masa, ya ce, "Karɓa aka hana mu. Bayarwa, ba wanda ya hana." Tun daga ranar duk inda muka ci, Bitrus ya ci. Ku yi tunanin abin: mu a cunkushe a motar haya gwiwa a haɓa, mota sabuwa tana bin mu ba kowa a ciki, mu ne kuma masu ciyar da direbanta.

Daga Bauci ba mu sami ƙaramar mota ba, sai babbar motar kaya, buhunan masara a ƙasa, mutane da awaki a sama. Akwai wata Hajiya mai fataucin goro, bakinta kamar rediyo, tun kafin a tashi ta san sunan kowa da abin da ya fito da shi. Akwai wata yarinya mai tsohon ciki da mijinta za su Gombe wurin iyayenta. Muna tsakiyar daji, bayan ruwan sama, motar ta faɗa wani rami, muka ji ƙas, ta karkace. Ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya ya karye. Direba ya leƙa ƙasa ya fito ya ce sai an samo wani daga Gombe, kuma motocin da ke wucewa duk a cike suke.

Nan ne cikin Malam ya tashi. Tun safe bai sa komai a ciki ba sai ruwa, dambun da na yi akwai yaji, kindirmon da zai kwantar masa kuwa ni na mayar da shi da hannuna. Ya yi amai har sau biyu, ya kwanta a kan buzunsa a gindin wata ƙirya, ya dunƙule. An kuma gaya mana tun a gida cewa wanda bai isa ranar buɗe karatu ba, sai baɗi. Ga Fijo can a gefen titi, Bitrus ya buɗe ƙofar baya ya tsaya.

Hajiya mai goro ta taso mini. "Ke baiwar Allah, wai da gaske motar nan ku take jira?"

Na ce, "Mu take bi, ba tamu ba ce."

"To ni ban ga bambanci ba. Mijinki zai mutu a daji saboda girman kai? Ku shiga mana! Wa zai gani? Mu nan wa muka sani a Keffi? Wallahi ni da an ba ni, ko ta shaiɗan ce sai na shiga, in na isa na yi istigfari."

Mutane suka yi dariya, wasu suka ce gaskiyarta. Ba zan ɓoye muku ba, na ji maganarta har cikin ƙashina. Mutumin nan shi ne uban 'ya'yana. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Malam, in ka ce mu shiga, da hannuna zan ɗauke ka."

Ya buɗe ido. "Ke me kika gani?"

Na ce, "Ƙwaryar Adda Dije nake gani. In muka shiga wannan, da wane ido zan dube ta, ni da na mayar mata da man shanu?"

Ya ce, "To dama mini kunu."

Na haɗa duwatsu, yaran mota suka samo mini itace jiƙaƙƙe, na hura har idona ya yi ja. Na dama kunun gero mai ruwa-ruwa da 'yar kanwa, ba tsamiya, na riƙa ba shi da ludayi kaɗan-kaɗan ina karanta duk abin da ya zo bakina. Hajiya tana gefe tana cewa, "Allah ya raba mu da matan boko."

Ana haka sai yarinyar nan mai ciki ta ƙwala ƙara. Jijjigar ramin ta tayar mata da naƙuda, kuma haihuwar fari ce. Na miƙe na nufi Bitrus. Na ce, "Alhaji ya hana ka taimakon mai naƙuda?"

Ya sosa ƙeya. "Bai ambata ba, Mama."

"To ga ta nan."

Aka kwantar da ita a kujerar baya, mijin ya shiga gaba. Kafin a rufe ƙofa Hajiya mai goro ta yi wuf ta shige, wai ita ungozoma ce tun tana budurwa. Ta leƙo ta taga ta ce mini, "Ni dai na shiga, ke ki zauna da kununki!" Bitrus ya dawo da yamma, ya ce an haifi namiji a asibitin Gombe, uwa da ɗa lafiya. Ya kuma buɗe bayan mota ya fito da ƙarfen da direbanmu ke nema, da makaniki guda. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Malam, da ya ɗan sami kansa, ya dubi ƙarfen ya dube ni ya ce, "Asabe, ga matsala. Motar da aka gyara da ƙarfen da ya hau motar mai shari'a, alƙali ya hau ta ko kada ya hau?" Na ce ya hau tukuna, ya kai tambayar Garwa, ai abin da ya fito da mu ke nan.

Yola zafi, kamar an kifa wa mutum tukunya. Muka kwana a zango, gidan wata tsohuwa mai sayar da kunun gyaɗa, wanda shi ya ƙarasa gyara cikin Malam. Daga nan wata tsohuwar a-kori-kura ta kai mu ƙauyen kan iyaka. Iyakar kuwa kogi ce, sai da kwale-kwale. Nan tafiyar Fijo ta ƙare, ba ta da takardar fita, ba ta kuma iyo. Bitrus ya taya mu sa kaya a jirgi, ya ce an umarce shi ya jira mu a Yola, ya shiga Keffi tare da mu.

Ya ce, "Mama, in an tambaye ni a gida me zan ce?"

Na ce, "Gaskiya."

Ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Gaskiya ba ta sayen masara, Mama."

Ban yi masa faɗa ba, kuma ba na so kowa ya yi masa. Na ba shi sauran dambun.

A ƙetare jandarmomi suka tare mu, 'yan sandan can ke nan, da gajeren wando da hula mai tsini. Suka duba fasfo da katin allura, sannan ɗaya ya shiga kwance ƙullin kayan miyata. Ya ga garin kuka, ya ɗauka wani mugun abu ne, ya kira ɗan'uwansa suna ta Faransanci. Faransancin da na koya a sakandare ya gudu ya bar ni. Sai ya buɗe ƙullin yaji ya kai hanci ya ja da ƙarfi. Wayyo! Atishawa har hularsa ta faɗi. Na ce yau mun kwana a kurkuku. Cikin tsoro na ba shi haƙuri da Fillanci, sai ya tsaya, hawaye na zuba, ya amsa mini da Fillanci, ya tambayi 'yar wace ce ni. Ashe kakarsa ma da kuka take miya. Ya buga hatimi ya ce mu wuce, yana ta fyace hanci.

Garwa gari ne na bakin Binuwai, kifi kamar a ba ka kyauta. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, mutum ya saƙale shi a hammata ya hau keke, ba takarda ba komai, gumi na zuba, a kai gida a ci. Ni dai sai na kankare bayan. Da rana tsaka kuma a rufe ofis da kanti kowa ya je ya kwanta, ko gobara ake yi. Miyarsu ta yakuwa ce da kifi, tsami har kunne, Malam bai taɓa ba. An sauke mu a wani gida kusa da makarantar, ɗaki ɗaya da rumfa, matan unguwa suka karɓe ni kamar sun san ni, don na iya ce musu jam, gaisuwarsu ta Fillanci.

Amma abin da na gani wanda ya fi tsaya mini shi ne yadda ake ciyar da wannan karatu. Babu gwamnati a ciki. Attajiran garin da makiyaya da masunta su ke ɗauke da shi. A bayan masallaci akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofa biyu, a ciki akwai randa mai ƙaramin baki an rufe ta da zane, da rumbu a gefe. Mai bayarwa ya shiga ta wannan ƙofa ya fita ta waccan. Mai kuɗi ya jefa a randa, mai hatsi ya juye a rumbu ya tafi da buhunsa. Mai wucewa kawai ma yana bi ta nan, don kada a gane wa ya ba da wa bai ba da ba. Na tambayi wata dattijuwa da muke tuƙa tuwon alƙalai tare, na ce to wa ake gode wa? Ta ce, "Allah." Na ce a garinmu in mutum ya ba da gudummawa sai an kira sunansa a lasifika, maroƙi ya ƙara da na kakansa. Ta riƙe baki ta ce, "To alƙalin da ya san geron wa yake ci, yaya zai haɗiya?"

Karatun kuwa a rumfa ake yi, madafarmu tana bayan zana, ina jin kusan komai. Da Larabci ake yi, a fassara da Fillanci da Hausa. Na ga abin da ban taɓa gani ba: Malam, mai furfura, wanda in ya shigo kotu kowa ke miƙewa, yana zaune a tabarma da littafi a cinya, wani malami da bai kai ƙanensa ba yana ce masa, "A'a, sake." Ya sake. Na zaci zai dawo ransa a ɓace, sai ya dawo yana dariya kamar yaro, yana cewa, "Asabe, shekara da shekaru ina raba gadon kaka ta wata hanya, ashe akwai wadda ta fi." Wani lokaci kuma ya dawo shiru, ya daɗe a kan sallaya. Ban tambaye shi ba. Na san yana tuna waɗanda ya riga ya yanke wa hukunci ne.

Bai manta da tambayar ƙarfe ba. Ya kawo ta gaban babban malaminsu, Modibbo Hamman, tsoho mai ƙaramar murya. Na zaci dariya za a yi, sai ga alƙalai sun rabu biyu, aka yi ta musu tun hantsi har tuwona ya huce. Wani daga Cadi ya ce da shi ne da ƙafa zai ƙarasa Gombe. Wani ya ce wannan tsanani ne da addini bai sa ba. Da suka gaji Modibbo ya ce ƙarfen motar jama'a ya shiga, ba aljihun alƙali ba, babu laifi. Amma ya ce abin da alƙali ya ɓoye shi ke cin sa, ko halal ne. Ya dubi Malam ya ce in ka koma, kafin ka zauna a kan shari'ar, ka faɗi duk abin da ya faru a gaban masu shari'ar su biyun, ka tambaye su ko sun yarda ka ci gaba. Ina bayan zana na ajiye muciya. Na ce ko wannan kaɗai muka zo ɗauka, kunun daji bai tafi a banza ba.

Dawowa ba sai na ja ba. Muna isowa Yola muka tarar da Bitrus, ya yi ƙiba da kunun gyaɗar tsohuwa. Ya bi mu kamar da. A Akwanga akwai kiya-kiya, amma na ce wa Malam a'a, motar albasa za mu hau, ta sauke mu a tsakiyar kasuwar Keffi da rana, kowa ya gani. Haka aka yi. Muka sauko muna warin albasa, Fijo tana bayanmu ba kowa a ciki. Kun san abin da aka ce? Wai a bayan gari muka canja mota. To, bakin mutane ba ƙofa ba ne balle a sa masa sakata.

Ranar shari'a ba na kotu, mace irina me za ta je yi, amma rabin gari yana can, kuma duk bakinsu ɗaya a kan abin da ya faru. Malam bai buɗe littafi ba sai da ya ba da labarin makulli a kwano, da ƙwaryar man shanu, da motar da ta bi mu, da mai naƙuda, har da ƙarfen. Sannan ya ce in akwai wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, ya faɗa yanzu a kai maganar gaban wani alƙali. Alhaji ya gyara babbar riga ya ce ai shi don Allah ya yi. Malam ya ce to Allah ya ba da lada, tunda ba a hau ba. Arɗo, wanda aka ce ya zo ne kawai don kada a ce ya ƙi kira, ya ɗaga kai ya ce, "Mun ji. Yi shari'arka."

Malam ya tashi kotu, ya tafi filin da ƙafarsa, da su da shaidu da dattawan unguwa. Aka ga tsohuwar hanyar shanu da itatuwan da aka dasa a gefenta tun zamanin kakanni. Ya ce a janye waya daga burtali, sauran filin na Alhaji ne. Ya kuma ce mutanen ruga su gyara wata katangar Alhaji da shanunsu suka rusa. Ba wanda ya fita yana guɗa.

Yanzu ana raɗe-raɗin za a yi wa Malam canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa. Masu kawo mini labarin suna kallon fuskata su ga ko zan girgiza. To ku ji: wadda ta dama kunu da jiƙaƙƙen itace a dajin Gombe, ba a tsorata ta da ƙauye. In sun kai mu, akwai kiya-kiya. Na kuma roƙi liman, ta bakin Malam, a ajiye randa a zauren masallaci don alƙalin da zai tafi baɗi, ko wane ne. Wasu sun yi dariya, sun ce gudummawar da ba a kira sunanka ba ina amfaninta. Randar dai tana nan, an rufe ta da tsohon zanena, kuma Goggo ta ce ta girgiza ta ta ji motsi.

Adda Dije ta dawo kawo nono. Fuskarta a ɗaure, tana mitar katanga, wai mijinta ya zama magini da tsufansa. Ta auna mini na biya, ta ƙara ludayi ɗaya na gyara, ta tsaya tana kallona ta ga ko zan ce wani abu. Na karɓa. Gyara haƙƙin kowane mai saye ne.

Saura Kande. Na raba tsaraba gida-gida, ban tsallake ta ba. Na sa mata busasshen kifin Garwa da turaren wuta a cikin kwanon nan dai, na ba Lami. Na zauna a bakin murhu ina jira, ina ce wa kaina ko goro ɗaya ta sa, zumuncinmu yana nan. Lami ta shigo tana lilo da kwanon da hannu ɗaya. Na karɓa na ɗaga murfi. An wanke shi tas, an goge. Tun da nake ban taɓa ganin an mayar wa mace kwano haka ba, kuma na san abin da ake nufi. Idona ya cika, na juya wajen hayaƙi.

Lami ta ɗauki kwanon ta kai kunne ta girgiza, ta saurara. Sannan ta taɓa kafaɗata.

"Inna, yau bai yi ƙara ba. Kuma ya fi daɗin ɗauka."